Jarkoki Goma Sha Ɗaya

Ni ce mai suyar kifi a gindin tsamiya,
bakin ruwan Dadin Kowa.
Shekara sha tara kaskona na nan,
ido ɗaya kan mai, ɗaya kan ruwa.

Ranar Asabar gaɓar nan ba ta da mai ita.
Iyalai daga Gombe da tabarmi da kuloli,
'yan makaranta masu tuɓe riga tun cikin mota,
Bappa ya koro shanu su sha,
matan Hinna na bugun wanki kan dutse,
masunta na jan koma suna gunaguni.
Ruwa ɗaya, buƙata ɗari.

Sai Babayo ya dawo daga Legas
da wani allo kamar murfin akwati
da ƙatuwar laima mai igiyoyi, ja da ruwan ɗorawa.
Wai iska ce za ta ja shi.
Muka yi dariya har ya ɗaga ta.
Iskar la'asar ta cika ta, ta fizge shi,
ya tsaga ruwa kamar reza a atamfa,
yara na ihu, tsofaffi na salati,
ni kuwa karfasata ta ƙone a kasko.

Mako na uku ne.
Kaltume, shekararta shida,
ta bi takalminta da ruwa ya ɗauke
har ruwa ya kai mata ƙirji.
Iska ta juya ba sallama,
laima ta kifo,
igiya ta taho tana sharar fuskar ruwa
ta zane ta a kafaɗa.
Ɗan yanka ne, bai kai yatsa ba.
Amma na ga uwar ta faɗa ruwa da zaninta,
bakinta a buɗe, ba sauti.
Bakin nan nake gani har yau in na rufe ido.

Aka ce a ƙone laima.
Har wani ya zaro itace daga murhuna.
Babayo na tsaye yana kyarma, ba don sanyi ba.
Malam Ishaku, wanda ruwan nan ya ci wa ƙane,
ya ajiye homarsa, ya ce:
"In kun ƙone ta, gobe injin kwalekwale fa?
Jibi ƙahon saniya?
Goggo, ara mini jarkokinki."

Na man gyaɗa ne, goma sha ɗaya.
Ya zarga su a igiya, ya ɗaura musu duwatsu,
ya jera su kan ruwa kamar carbi.
Daga nan zuwa gaɓa na yara ne da masu iyo.
Bayansu na kwalekwale ne da Babayo,
shi ma daga can wajen dutse zai tashi
inda ba a shimfiɗa tabarma.
Shanu su gangara ƙasa.
Jan ƙyalle a kan gora: iska ta ɓaci,
ko an hangi kunnen dorina, kowa ya fito.
Usur ɗaya, a wuyan wanda bai zo wanka ba.

Ba zan ce an daina tsallakawa ba.
Samari na ninƙaya bayan igiya don 'yan mata su gani.
Bappa ya ce saniya ba ta san jarka ba.
An sace ɗaya a watan jiya,
kuma har yau ba wanda ya biya ni ko sisi.

Kaltume na zuwa, da tabonta.
Takan tsaya daidai jarka ta huɗu,
hannu a kan igiya,
tana kallon jar laima can nesa.
Ta ce in ta girma ita ma za ta hau iska.
Uwar ta ce ba da ranta ba.

Ni dai in rana ta yi ja
nakan sauke kasko, in ƙirga jarkoki,
sannan in ƙirga takalman da ke bakin ruwa
har kowanne ya sami ƙafa.